Baƙuwar da Ta Biyo ta Ƙofar Kicin

Ranar da likita ya gaya mana abin da ke cin Norimasa, na kama hannun mijin nawa muka hau jirgin fito. Ciwon daji ne, ya fara a huhu ya riga ya kai ƙashin baya, kuma likitan bai yi mana kwana-kwana ba: magani zai rage raɗaɗi, amma ba zai tsayar da ciwon ba. Ni ina ta jan hanci, shi kuwa ya kafa wa ruwa ido kamar an ba shi gadinsa. Sai da tsibirinmu ya ɓullo, gonakin lemu suka bayyana hawa-hawa a jikin dutse, sannan ya buɗe baki.

"Maman Emiko, ba zan kwanta a asibitin can ba. A gida zan mutu."

"Wa ya tambaye ka?" na ce. In ban yi masa tsawa ba, kuka zan fashe da shi a gaban mutane.

"Na dai gaya miki."

Kusan shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin mutumin nan ya nemi wani abu don kansa ba. Ko ƙarin shinkafa ba ya nema, sai dai ya ɗan turo kwano ya jira in gane. Wannan kaɗai ya roƙa, don haka na ƙudura a raina sai ya samu.

Sai dai zama a gida da irin wannan ciwo ba faɗar baki ba ce. Tsibirinmu ba shi da asibiti. Likita ya ce zai bar Norimasa a gida ne kawai in akwai gado mai ɗagawa, da injin iskar numfashi, da ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa ƙetarowa tana duba shi. Duk waɗannan kuwa hanya ɗaya ce ke kawo su, tallafin da gwamnati ke ba waɗanda ciwo ya naƙasa. In babu tallafin, ni ce gadon, ni ce injin, ni ce mai jinyar, ga ni 'yar ƙaramar mace mai ciwon gwiwa. 'Yarmu Emiko tana Osaka da jariri a hannu. Na ƙetara zuwa ofishin gunduma na nema, suka ce za su turo wata ta gani da idonta abin da yake iya yi wa kansa da abin da ba ya iyawa.

Abin da yake iyawa a lokacin bai taka kara ya karya ba. Daga shimfiɗa zuwa banɗaki sai ya dafa kafaɗata, wani lokacin ma ba ya kaiwa, sai fo. Wanka ni ke yi masa. Loma uku ya ce ya ƙoshi. Na ce a raina duk wadda ta leƙo ta gan shi ba sai an yi mata bayani ba. Ashe na manta da wa nake aure.

Ranar da za ta zo, na dawo daga shanya na tarar da shi a gaban madubi, ya jingina da bango yana aske gemu. Ya sa na fito masa da rigarsa ta zuwa biki. Ya sa na kai fo bayan gida na kife, na cusa sandarsa ƙarƙashin baranda. Ni ma ban yi gardama ba, baƙuwa za ta zo, wa ke tarbar baƙo da fo? Na share ɗakin baƙi, na goge tabarmi, na fito da kofunan shayi masu zanen fure, na jera silifa a bakin ƙofar gaba.

Malama Kadota sunanta, yarinya ce sa'ar Emiko, da jakarta a rungume. Kafin in kai ƙofa Norimasa ya riga ni, da ƙafarsa, ba sanda ba kafaɗa. Ya rusuna, ta rusuna, ya ƙara rusunawa. Ya kai ta ɗakin baƙi ya zaunar da ita a wurin girma, shi kuma ya lanƙwasa ƙafafu ya zauna a kan dugadugansa, baya miƙe sambal, wannan bayan da ciwo ya cinye. Da hannunsa ya zuba mata shayi.

"Malam Seike, yaya jikin?" ta tambaya, tana kiransa da sunan gidansu.

"Da sauƙi ƙwarai. Mun dai wahalar da ke, kin sha hanya a kan abin da bai kai ya kawo ba."

"Kana iya tashi tsaye kai kaɗai?"

"Wannan ai ba wani abu ba ne." Ya miƙe, ya koma ya zauna. Ni da ke bayansa na ga gumi ya jiƙa wuyan rigar.

"Wanka fa?"

"Ni nake yin abina."

"Banɗaki?"

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka yi wa tambayar kunya. "Haba, Malama."

Na buɗe baki daga bakin ƙofa, da faranti a hannu. Ya juyo ya yi mini wani kallo, na haɗiye maganata. Ba a ƙaryata miji a gaban baƙo, haka aka rene ni, kuma ran nan na ji haushin tarbiyyar nan kamar in tauna harshena.

Da ta tashi tafiya ya ce sai ya raka ta. Gidanmu a kan tudu yake, matakalar dutse ce ke sauka zuwa hanya. Ya sauka har ƙasa, ya tsaya a bakin hanya, don ba a juya wa baƙo baya sai ya ɓace daga gani. Ita ma ga ladabi kamar me. Ta yi 'yan taku ta waiwayo ta rusuna, ya rusuna. Ta ƙara gaba ta sake waiwayowa. Ina tsaye a bayansa ina cewa a zuci, ke yarinya, tafi mana! Tana shan kwana ƙafafunsa suka saki, ya zube a gindin katanga. Sai da na ƙwala wa maƙwabcinmu Yasuji kira ya zo ya goya shi zuwa gida, kuma ya yi kwanaki bai iya ɗaga kai ba.

Amsa ta zo daga ofishin gunduma: mai nema yana iya kula da kansa, tallafin bai hau kansa ba a yanzu. Na karanta masa da ƙarfi, na maimaita. Kun san abin da ya ce?

"To, aƙalla ba mu ji kunya ba."

"Ba mu ji kunya ba? Rashin jin kunyar ne zai ɗaga ka ya kai ka banɗaki? Shi zai hura maka iska a hanci?"

"Ba zan kwanta kamar buhun taki a gaban baƙuwa ba. Yarinya ta hau jirgi ta zo gidana, in tarbe ta da kayan barci?"

"Ba gaisuwa ta zo ba, Baban Emiko! Ciwonka ta zo gani, kai kuma ka ɓoye shi ka ba ta shayi."

Ya juya wa bango fuska. In Norimasa ya juya wa bango fuska, magana ta ƙare.

Lemu ya fara ja a gona, shi kuma jiki ya ci gaba da sauka. Wata safiya ya zame a ɗakin wanka ya ja ni muka faɗi tare, na ƙuje gwiwa, shi ya fasa goshi. Da likita ya ji sai ya ce ya isa haka. An ware masa gado a asibiti, da an gama tsinkar lemu a kawo shi, sai fa in tallafin ya fito kafin nan. Na koma ofishin gunduma na kai kuka, suka yarda za a sake dubawa, amma sau ɗaya tak. Na dawo na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, na roƙe shi, na lallaɓa shi. Ya ce zai yi ƙoƙari. Can sai ya tambaye ni ko an wanke rigar bikin nan.

Yasuji ne ya buɗe mini ido ba tare da ya sani ba. Shi da Norimasa tun suna yara suke tare, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba. Ya shigo ta ƙofar kicin kamar kullum, ya wuce barandar baya inda Norimasa ke kwance da kayan barci, ga fo a gefe ko rufe shi bai yi ba.

"Har yanzu kana nan, mai taurin kai?"

"Ina nan sai na ga bayanka. Zo ka juya ni, wannan gefen ya gaji. A hankali, ba kifi kake juyawa ba!"

Yasuji ya juya shi, ya dawo kicin yana buɗe-buɗen tukwanena. Ya hango kofunan fure a kan kanta ya yi tsaki.

"Sumie, tun zamanin uwar mijinki nake shigowa gidan nan, ban taɓa ganin cikin kofunan can ba. Ni rabona zagi da aike."

"Kai ai ba baƙo ba ne," na ce. "Ta kicin kake shigowa."

Na faɗa, sai na tsaya cak da ludayi a hannu. Duk ciwon Norimasa a buɗe yake ga wanda ya biyo ta ƙofar baya. Ƙofar gaba ce ke warkar da shi.

Washegari na hau jirgi na je na sami Malama Kadota. Ban gama bayani ba ta gyaɗa kai.

"Na sani, Mama. Na ga leɓensa ya yi fari, na ga hannunsa na rawa a kan butar shayi. Tsofaffinmu duk haka suke, ka zo duba su sai su tashi su yi maka rawa. Amma abin da ya nuna mini da abin da ya faɗa shi zan rubuta, ba abin da nake zato ba."

Na gaya mata dabarata. Na ce ta zo ranar tsinkar lemu tare da masu taya mu aiki, ta biyo hanyar baya, ta sa hular gona irin tamu mai mayafi da ke rufe rabin fuska. Ta juya alƙalami a hannu.

"Aikina bai ce lallai sai a ɗakin baƙi ba," ta ce. "Amma ba zan rubuta ko kalma ɗaya ba sai ya san ko ni wace ce, ya kuma amsa da bakinsa. Ba zan yi wa dattijo leƙen asiri a gidansa ba."

"Zai sani. Amma kafin ya sani, sai ya zage ki."

"Ya zage ni kuma?"

"Kin iya tsinkar lemu?"

"Mama, a gonar lemu aka haife ni."

"To ki manta kin iya. Yanka ɗaya za ki riƙa yi, ki bar tsinken."

Ta dafe ƙirji. Kowa a nan ya san yanka biyu ake yi wa lemu, na farko ya raba shi da reshe, na biyu ya aske tsinken har gindi. In an bar tsinke zai soki 'yan'uwansa a kwando, su ruɓe tun ba su kai kasuwa ba.

"In babana ya ji, sai ya cire ni daga cikin 'ya'yansa," ta ce, amma dariya take yi.

Ni dai na san mijina. Akwai abu ɗaya a duniya da ke sa ya manta da ladabi, shi ne lemu mai tsinke. Kuma mutum ba zai zage ka yanzu ba sannan ya koma ya zuba maka shayi a kofin fure. Wanda ka yi wa faɗa ya riga ya zama na gida.

Ranar tsinka gari ya waye tas, ga sanyi ga rana. Maƙwabta suka taru, mata da hulunansu, maza da tawul ɗaure a kai. Norimasa ya kafe sai an shimfiɗa masa a barandar baya, inda kwanduna ke wucewa zuwa rumbu, don ya duba aikin kowa. Yana kwance da kayan barci, gemu ya yi buzu-buzu, bargo har ƙirji, fo a inda hannunsa zai kai. Na gaya masa Malama Kadota za ta zo ran nan, ban dai faɗi lokaci ba, shi kuma ya sa na rataye masa rigar biki a ƙusa ya ce in tashe shi da an ga baƙuwa a hanya.

Baƙuwar kuwa tuni tana cikin gona. Da aka tsaya hutu ta zauna a kan akwati ta ci curin shinkafa da tsamin kabeji tare da kowa. Na aike ta kicin ta ɗauko butar shayi, ta shiga da safa, ba wanda ya jera mata silifa. Ta wuce ta gaban Norimasa, ya ce, "Ke, miƙo min ruwan can," ta miƙa masa, bai ko dube ta ba.

Bayan hutu Yasuji, wanda na riga na shigar cikin maganar, ya ɗauko kwandonta ya dire a gefen shimfiɗar. Norimasa ya zura hannu kamar yadda ya saba. Na ga ya janye shi da sauri. Ya ɗago lemu ɗaya ya duba, ya ɗago wani, ya ɗago na uku. Fuskarsa da ta daɗe ba ta ga jini ba ta yi ja.

"Wa ya yanka wannan?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa ya yanka wannan! Kun kurmance ne?"

Ta matso, kai a sunkuye, mayafin hula ya rufe fuska. "Ni ce, Baba."

"Ke? Da haƙori kika tsinko su? Dubi nan! Dubi nan kuma! Duk kin huda mini su. Hannu ne da ke ko ƙafar ƙaguwa? Wa ya kwaso mini wannan? Shekara guda ina renon itacen nan, ki zo rana ɗaya ki mayar mini da shi abincin tsutsa? Ko ɗan shekara biyar a tsibirin nan..."

Tari ya kama shi. Ta tsuguna ta tallafi bayansa har ya lafa, sannan ta kwance igiyar hular ta cire.

"Ina wuni, Baba. Kadota ce, daga ofishin gunduma."

Ban taɓa ganin mutum ya ruɗe irin haka ba. Ya ja bargo ya rufe fo. Ya dafa ƙasa yana ƙoƙarin tattaro gwiwoyinsa ya zauna zaman ladabi, hannu ya ƙi ɗaukarsa.

"Maman Emiko! Rigata. Buɗe ɗakin baƙi. Shayi, ki ɗora shayi!"

Ko motsi ban yi ba. Yasuji kuwa ya riƙe ciki yana dariya har da buga cinya.

"Shayi? Bayan ka ce mata ƙafar ƙaguwa? Kai tsoho, ta kicin ta shigo, ta ci shinkafarmu a kan akwati, ka aike ta ruwa, ta ɓata maka lemu ka wanke ta tas. Wace irin baƙuwa ce kuma ta rage?"

Matan da ke tsaye suka rufe baki da hannu. Malama Kadota ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a ƙasa a bakin barandar, ta dube shi.

"Baba, kai ne mai gida. In ka ce in zaga ta ƙofar gaba, zan zaga, in rubuta abin da ka nuna mini a can. In ka ce in zauna nan, zan zauna. Ban rubuta komai ba tukuna."

Ya dubi rigar da ke rataye a ƙusa. Na ga zuciyarsa tana can. Abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba na yi ran nan.

"Baban Emiko, in ka sa rigar nan, jirgi za ka hau, kuma ba za ka dawo ba. Ba zan iya ɗaga ka ba, na gwada mun faɗi tare. Na gaji, kuma tsoro nake ji. Ba na so a kira ni a waya a ce ka tafi, ni ina bakin ruwa ina jiran jirgi. Ka ce a gida kake so. Ni ma a gida nake so."

Muryata ta karye, na ji haushin kaina, na share fuska da gefen riga. Ya daɗe yana kallona. Sannan idonsa ya sauka kan kwandon, kan tsinkayen nan da ke tsaye cirko-cirko, na ga har yanzu suna ci masa rai fiye da komai.

"Miƙo almakashin nan," ya ce. Ba da muryar ɗakin baƙi ya faɗa ba. "Ke yarinya, matso. Ba haka ake yi ba. Kalli nan."

Ya riƙe lemu a hagu, ya kwantar da bakin almakashi a gindin tsinken daidai yadda ya kamata. Ya matsa. Almakashi bai rufu ba. Ya sake matsawa, jijiyoyin hannunsa suka tashi, ƙarfen ko gezau. Ya ajiye lemun a kan bargo ya haɗa hannu biyu. Almakashin ya suɓuce ya faɗa ƙasa, ya yi ƙara a kan dutse.

Dariyar Yasuji ta ɗauke. Mutumin da ya fi kowa saurin hannu a wannan tudu ne ke kwance yana kallon tafinsa.

"Ba na iyawa," ya ce a hankali. Ya ɗago ya dube ta. "Rubuta. Ba na iya yanka lemu."

Ta zaro takardunta daga aljihun rigar aiki. "Tashi tsaye fa, Baba?"

"Sai an kama ni."

"Wanka?"

"Ita ke yi mini. Ta cika dirza, amma ita ke yi."

"Banɗaki?"

Da hannunsa ya yaye bargon daga kan fo. "Ga shi nan. Yasuji, in ka yi dariya sai na jefe ka da shi."

Daga nan kamar an buɗe famfo. Ya gaya mata yadda numfashi ke tsaya masa in ya kwanta rigingine, yadda ƙafarsa ta hagu ba ta jin sanyi ko zafi, yadda yake ƙin shan ruwa don kada ya tashe ni. Wasu abubuwan ma ni ban san su ba, ni da nake kwana kusa da shi. Ta tambaya ya amsa, ta ce ya gwada ɗaga ƙafa ya gwada ya kasa, bai kuma ce ko sau ɗaya da sauƙi ba. Ina tsaye hawaye na zuba, amma daɗi nake ji, daɗi sosai, kamar an sauke mini dutse daga ka.

Da ta gama ta rufe takardun, ya nuna kwandon da haɓa.

"Kafin ki tafi ki gyara ɓarnarki."

Ta ɗauki almakashin daga ƙasa ta zauna. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, lemu na juyawa a tafinta, tsinkaye na zuba, ko kallon hannun ba ta yi. Kafin ka ce me ta kusa rabin kwando. Norimasa ya zura mata ido, ya ɗauki ɗaya ya shafa da babban yatsa, sumul.

"Ke 'yar wace gona ce?"

Ta faɗi sunan ƙauyensu. Ya juyo da kai a hankali ya dube ni.

"Aikinki ne."

"Nawa ne."

"Makira," ya ce. Sai ya fashe da dariya, dariya ta zama tari, tari ya lafa ya koma dariyar.

Da za ta tafi bai raka ta ba. Daga kwance ya ɗaga mata hannu, ya ce ta gaida babanta, ta kuma gaya masa 'yarsa ba ta da laifi. Ya sa Yasuji ya cika mata jaka da lemu, ta ce aikinta ya hana ta karɓa, ya ce to ta tafi da wanda ta huda, ai wannan ba kyauta ba ce, hukunci ne. Ta ƙi dai, tana dariya har ta sauka.

Ba a gama tsinka ba amsa ta zo. An amince, kuma a mataki mafi girma. Gadon ya iso a jirgin safe, maza shida suka ɗauko shi a kafaɗa suka hau da shi tudu, Yasuji na gaba yana ba da umarnin da ba wanda ke bi. Aka kafa shi a ɗakin da ke kallon gona, aka jona injin iska. Norimasa ya karɓi abin dannawa ya ɗaga kansa sama, ya sauke, ya sake ɗagawa, kamar yaron da aka saya wa abin wasa, har sai da na ƙwace.

Sannan na ɗauko waya na tsaya a gabansa, na kira asibiti. Na ɗaga murya yadda har masu aiki a gona za su ji.

"Matar Seike Norimasa ce. Gadon nan da kuka ajiye masa, ku ba wani. Ba zai zo ba."

A rayuwata ban taɓa faɗar maganar da ta yi mini daɗi a baki kamar wannan ba.

Ya ga ƙarshen sanyi, abin da likita bai yi zato ba. Emiko ta kawo jaririn ya kwanta a ƙirjinsa. Ma'aikaciyar jinya tana ƙetarowa, tana shan faɗa kamar kowa. Ya kai har lokacin da itatuwan lemu suka yi fure, ƙamshi ya cika ɗakin.

Da rana tsaka ya tafi. Na kawo masa miya, ya ɗanɗana a bakin cokali ya ce na cika gishiri, wai shekara arba'in ban koyi auna gishiri ba. Na juya na ajiye kwanon, na shirya masa amsar da ta dace da shi, na waiwayo. Idonsa a lumshe, kansa ya ɗan karkata wajen gona. Har yau ina jin haushin bai tsaya ya ji amsata ba. Amma a ɗakinsa ne, a kan tudunsa, kuma ni ce a kusa da shi.